Amsar tana Samaru, shi yana nemanta a waya

Makon jiya ɗan ƙanwata, wanda ke aji biyu a wata babbar makaranta a nan Zariya, ya kawo mini jingar da aka ba shi in duba masa kafin ya miƙa. An ce ya yi rubutu kan tsutsar da ke cinye furen wake da kwansonsa, da yadda manoma ke fama da ita. Shafi shida, an buga tsaf, har da bango. A ƙarshe ya jera manazarta takwas. Na ce masa, "A cikin waɗannan, wanne ka buɗe ka gani da idonka?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, ai ChatGPT ce ta ba ni su." Muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya a Google Scholar, shafin neman maƙalun masana. Biyar muka samu. Sauran ukun ko ƙurarsu babu.

Wannan bai girgiza ni ba. Tun da wannan manhaja mai amsa tambayoyi ta fito a watan Nuwamban 2022 aka san tana iya ƙaga sunan marubuci da na mujalla ta jera maka su kamar gaske. A 2023 ma wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun shigar da shari'o'in da manhajar ta ƙirƙiro musu. In lauya ya faɗa wannan rami, ina ga ɗan aji biyu?

Abin da ya ci mini rai daban ne. A duk shafi shidan nan babu inda aka ambaci SAMPEA 20-T, irin waken da aka samar musamman don ya jure wa wannan tsutsa, aka kuma amince da fitar da shi ga manoma a 2019. A ina aka yi aikinsa? A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, nan Zariya. Harafin SAM ɗin da ke gaban sunan ma daga Samaru aka ɗauko shi. Yaron nan ya kawo zance daga Amurka da Indiya, ya tsallake amsar da kuɗin bas daga Kwangila zai kai shi bakin ƙofarta.

Na lura hanyar da yawancin ɗalibanmu ke bi kusan ɗaya ce. Da farko a leƙa zauren WhatsApp na aji, ko akwai wanda ke da ta 'yan bara. In babu, a kwafi tambayar malam yadda take a zuba wa Google, a tsaya a shafin farko. In kundin kammala karatu ne, ga shafukan da ke sayar da shi a dafe, babi na ɗaya zuwa na biyar, sai dai ka canja suna da gari. Laburare kuwa sai jarrabawa ta matso ake tunawa da shi, shi ma don kujera da wurin cajin waya.

Ba na cikin masu cewa yaran yanzu ragwaye ne. Data da tsada take, wuta sai an ga dama, kuma ɗalibi kan gano maƙalar da yake so sai a ce ya biya dala talatin ko fiye kafin ya karanta. Amma akwai ƙofofin da ke buɗe waɗanda ba a nuna musu ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana da rumbun intanet mai suna Kubanni, sunan rafin da ya ratsa ta, inda ake ajiye kundayen binciken da aka yi a cikinta. Akwai AJOL, matattarar mujallun ilimi na Afirka. Ɗan ƙanwata bai taɓa jin sunan ko ɗaya ba.

Abin ban haushin shi ne Zariya ba baƙuwar bin diddigi ba ce. Shiga zauren malami a cikin birni ka kawo wata magana, tambayar farko da za a yi maka ita ce a wane littafi ka gani, wa ya karantar da kai. Ko yaron Islamiyya ya san ba a karɓar hadisi sai an san wanda ya ruwaito shi. Wannan ɗabi'ar ce dai boko ke nema in aka ce a kawo manazarta. Mun raba su ne kawai, har yaro yake ganin jerin sunayen nan ado ne da ake liƙawa a shafin ƙarshe don malam ya ba da maki.

A ganina kaso mafi girma na gyaran yana hannun mai ba da jingar. Muddin tambayar ita ce "kawo ma'anar kaza da ire-irensa", na'ura za ta amsa cikin daƙiƙa goma, kuma ta fi ɗalibin iya tsara jimla. Amma a ce masa ya je kasuwar Sabon Gari ya tambayi masu sayar da maganin feshi guda biyar abin da manoman wake suka fi saye, sannan ya gwada da abin da masana suka rubuta. Ko ɗalibin tarihi a tura shi Gidan Arewa a Kaduna, inda ake adana takardun tarihi, ko ya nemo tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a nan Zariya a 1939, ya ga yadda ta ba da labarin wani abu guda. Irin wannan ba a samunta a dafe.

Na san abin da malamai za su ce: mutum ɗaya da ɗalibai ɗari uku, yaushe zai bi manazartar kowa? Gaskiya ne. To ba sai ya bi ta kowa ba. Ya zaɓi goma ba tare da sanarwa ba, kowa ya tsaya minti uku ya faɗi inda ya samo abin da ya rubuta. Kafin la'asar labarin ya zaga ajin.

Shi kuwa ɗan ƙanwata, na sa ya goge ukun nan na ƙarya, na ba shi kuɗin mota na ce gobe ya wuce Samaru ya nemi masu aikin wake. Ya juya kuɗin a hannu, ya ɗago ya ce, "Kawu, yanzu in na je haka kawai, za su bar ni in shiga?"