Ido ba wurin koyon haɗi ba ne

Wai har yanzu akwai masu kare yaron kemis ɗin nan! "Ai taimako ya yi niyya." Sannunsa da taimako. Ya murƙushe ƙwayar fluconazole, maganin funfuna na haɗiya, da bayan cokali, ya kaɗa da ruwan leda, ya ɗura a tsohuwar kwalba, ya miƙa wa kawuna wai ya je ya yi ta ɗigawa a ido. Saura a naɗa masa rawani.

Ganyen dawa ne fa ya shafci Kawu a ido ranar girbi, a gonarsa ta bayan Daura. Irin wannan rauni shi ke shigar da funfuna, su Fusarium da Aspergillus, cikin tantanin nan mai kama da gilashi da ke gaban baƙin ido. Kafin ma a kai ga haɗin, sati guda yaron yana ba shi maganin ɗigawa mai sitiroyid, irin mai kwantar da kumburi. Jan ido ya lafa, kowa na hamdala, ashe taki aka zuba wa ciwon.

Haɗa maganin ido ba aikin kemis ba ne. Na faɗa, zan kuma.

Maganin funfunar ido da aka saba farawa da shi natamycin ne mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, sai an girgiza shi kafin a ɗiga, kuma da fari kowace awa ake sawa, dare da rana. In babu shi ko bai karɓa ba, masana haɗa magani na asibiti su ke haɗa voriconazole kashi 1 daga garin allura, ko amphotericin B kashi 0.15. Shi amphotericin ko ruwan gishiri na allura bai yarda da shi ba, gudaji yake yi, ba ya son haske, sai firiji, sai an rubuta ranar zubarwa a jikin kwalba. A ɗakin da aka tsarkake daga ƙwayoyin cuta ake wannan aiki, da safar hannu da takunkumi. Kai kuma yaron kemis, ga ka a kan kanta, kusa da biskit.

Masu cewa maganin na da tsada, ba ya samuwa, na ji. To sai ka ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfina, tafi asibitin ido." Kalmar ba ta cin ko sisi. Masu "an yi wa wane ya warke" kuwa, ku kai idonku a gwada.

Jiya na sami Kawu zaune, ya rufe fuska da rawani. Ya ce, "Ɗana, kashe fitilar nan, kamar allura take soka ni." Hakiya ta zauna fara tas a tsakiyar idon. Likita ta ce makonni za a yi ana ɗigawa. Ku sa shi a addu'a, don Allah.

Kwalbar da suka haɗa mana a asibiti ma a kular ƙanƙara take kwana, don kwana uku ba mu ga wuta ba a unguwarmu. Mai ƙanƙarar kuma ya gane muna cikin lalura, yau da safe ya ƙara kuɗi.