Samarin fada, ku fara tambayar kuɗin bincike

'Yan'uwana samarin Maraɗi, kullum muna fada, daga shayin farko har na uku, muna kukan komai sai an shigo mana da shi daga waje. Amma ban taɓa jin ɗayanmu ya tambayi nawa gwamnati ke ware wa bincike a shekara ba.

Ku dubi buhun PICS da iyayenmu ke adana wake a ciki. Leda biyu ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, ba a zuba magani ba. Masanan jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na nan Maraɗi suka yi ta gwada shi tare da manoma, da kuɗin gidauniyar Bill Gates tun 2007. Kai kam muna da shi. Aljihun ne na wani.

Akwai mai walda a unguwarmu da ya haɗa injin ɓarar gujiya da hannunsa. Na ga yana aiki, sai dai yana fasa ƙwaya da yawa. Ba wurin gwaji, ba injiniyan da zai duba masa, banki kuma ko kallonsa bai yi ba. Yanzu ƙyaure yake yi.

Nan ne aikin gwamnati: ta gina ɗakunan gwaji, ta sassauta kuɗin duwan a kan kayan ƙira, ta fara sayen na gida. Koriya ta Kudu ta kafa cibiyar binciken kimiyya da fasaha ta KIST a 1966 tana cikin talauci, yau fiye da kashi 4 cikin 100 na arzikinta bincike ke ci. Tarayyar Afirka kashi 1 kacal ta nema ƙasashenta su ware wa bincike, shi ma ƙasashe da yawa sun kasa.

Ku ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo, ku daina rubuta kundin da zai kwana cikin kabad. Ku je wajen maƙera, ku ɗauki matsalarsu. Mu kuma in an buɗe layi a rediyo, mu bar gaishe-gaishe, mu tambayi hukuma ina kasafin bincike.

Tun 2021 ake aikin layin dogo daga Kano zuwa nan, ga fatar jar akuyarmu har yanzu ɗanya take fita, wasu su jeme, su ɗinka takalmi su sayar mana.