Baka biyu ba ma'ajiyar muhimmiyar magana ba ce

Ku duba kowace sanarwar ɗaukar aiki da ake rubutawa da Turanci a ƙasar nan, za ku ga an ce "five (5) years", ko "two (2) passport photographs". Wa ya ce mana wanda zai iya karanta sanarwa da Turanci bai san biyu ba sai an zana masa lamba a cikin baka biyu, wato ( )? Wannan ɗabi'a daga takardun lauyoyi da yarjejeniyar kuɗi ta samo asali, inda ake rubuta adadi da kalmomi sannan da lamba, don kada wani ya sa biro ya mayar da 10,000 ta koma 100,000. A can tana da amfani. A wasiƙar neman aiki ko katin gayyatar taro kuwa, kwaikwayo ne kawai.

Ƙa'idar baka biyu a Turanci guda ɗaya ce babba: abin da ka sa a ciki ƙari ne. In ka ɗebe shi, dole jimla ta tsaya da ƙafarta, ma'anarta ba ta karye ba. "Abuja became the capital (1991)." Cire shekarar, magana na nan daram. To amma sai ka ga ɗalibi na rubuta furojet, ya ɗauki hujjar da duk babin ya dogara a kanta ya cusa ta cikin baka biyu. Mai karatu kuwa ya saba tsallake abin da ke ciki idan yana sauri. Kai da kanka ka ce masa maganar ba ta da nauyi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin aya. Idan abin da ke cikin baka biyu guntu ne a ƙarshen jimla, aya a waje take, kamar misalin Abuja. Idan kuwa cikakkiyar jimla ce mai zaman kanta, da babban baƙi ta fara, ayarta na ciki kafin a rufe. Waƙafi ba ya zuwa kafin bakan buɗewa, sai dai bayan na rufewa. Sannan a bar fili kafin a buɗe, amma kada a bar shi daga ciki.

Akwai wata da har malamai ke tuntuɓe a kanta. Aikatau ba ruwansa da abin da ke cikin baka biyu. Manaja (da akawunsa) ya makara, ba sun makara ba. Haka a Turanci, "was" za ka sa, ba "were" ba. In ya yi maka nauyi a kunne, alama ce akawun bai cancanci ɓoyewa ba, fito da shi fili.

Baka mai kusurwa, wato [ ], aikinsa daban. Da shi ake nuna cewa kai ne ka ƙara kalma cikin maganar wani da ka ɗauko. 'Yan jarida ku kula, in kun yi amfani da zagayayyen a nan, mai karatu zai ɗauka mai maganar ne ya faɗi abin da ku kuka ƙara.

Masu lissafin kuɗi ma suna da nasu: a rahoton banki, (500,000) na nufin asara ce ko ragi. Kafin ka yi murna da lambar, duba ko an kewaye ta.