Kafin ka ce fim ya yi ko littafi bai yi ba

'Yan'uwana matasa, maza da mata, ina so mu yi magana a kan abin da muke faɗa bayan mun rufe littafi ko mun gama kallon fim, domin na lura cewa karatunmu da kallonmu sun ƙaru ƙwarai, amma abin da muke iya faɗa a kansu sai ƙara ƙanƙancewa yake yi. Da zarar an saki sabon kashi na wani shiri mai dogon zango a YouTube, ko wata marubuciya ta kammala labarinta a zauren WhatsApp, kafin gari ya waye kowa ya riga ya yanke hukunci, kuma hukuncin ba ya wuce ɗaya cikin biyu. Ko dai a ce "wallahi ya yi, Allah ya ƙara basira," ko kuwa a ce "shirme ne, ai 'yan fim sun gama lalata tarbiyya." Idan ka tambayi mai yabon mene ne ya yi, sai ya ce shi dai ya ji daɗi. Idan ka tambayi mai kushen ina shirmen yake, sau da yawa sai ka tarar bai ma kalli fim ɗin ba, wani guntun bidiyo ne da aka yanko ya ci karo da shi a TikTok.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, duk lokacin da ka fito gaban ɗaruruwan mutane ka ce littafin wance batsa ne zalla, ko fim ɗin wane ya ci mutuncin addini, to shaida ka bayar, ko ka sani ko ba ka sani ba. Aya ta 36 a cikin Suratul Isra'i ta hana mu bin abin da ba mu da ilimi a kansa, ta kuma tuna mana cewa ji da gani da zuciya duka za a yi tambaya a kansu, kuma babu inda aka keɓe abin da aka rubuta da yatsa a kan waya. Mutane suna aiki da maganarka. Wani uba zai hana 'yarsa karatu gaba ɗaya saboda abin da ya ga ka rubuta, wani kuma zai ɗauki zagin da ka fara ya kai shi inda kai ba ka yi niyya ba. Fim ɗaya kuwa ba na jarumi da jaruma kaɗai ba ne. Akwai mai ɗaukar hoto da mai haske da mai sauti da mai kwalliya da mai tace hoto, har da mai dafa wa ma'aikata abinci a wurin ɗauka, kuma duka a nan suke samun na cefane. Yabon ma shaida ne, domin idan kika ce wa ƙawayenki littafi ya yi daɗi ba tare da kin faɗi abin da ke cikinsa ba, ƙanwar wata mai shekara goma sha huɗu tana cikin zauren, kuma a daren nan za ta nemo shi.

Ba ina cewa jin daɗi ko jin haushi laifi ba ne. Wanda ya karanta labari bai ji komai a ransa ba, ko dai labarin ya gaza ko shi ne bai karanta da zuciyarsa ba. Kuskuren shi ne mu tsaya a nan, alhali daga nan ne tunani ya kamata ya fara.

Bari in ba ku misali da littafin da da yawanmu muka karanta domin jarrabawa kawai, wato Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Labarin yaro ne da aka sace, ya faɗa hannun masu fataucin bayi, aka ƙetare Sahara da shi, wani Balarabe ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa har ya zama babban malami. Mahaifiyarsa ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa cikin bauta, kuma ba su sake haɗuwa ba sai da wahala ta riga ta cinye ta, ta rasu jim kaɗan bayan ganinsa. Wani zai karanta ya ce darasin shi ne haƙuri da ƙaddara, tunda ga shi yaron ya zama abin alfahari, kuma ba zan ce ya yi ƙarya ba. Ni kuwa da na sake karanta shi a 'yan kwanakin nan, uwar ce ta tsaya mini a rai. Ɗaukakar da ɗan ya samu ba ta biya ta komai ba, kuma marubucin bai yi ƙoƙarin rarrashinmu ba. Ya ba da labarin sayar da ɗan Adam cikin murya mai sanyi, ba ihu ba wa'azi, kuma wannan sanyin ne ya sa abin ya fi ciwo. Kuna iya saɓa mini a kan wannan, amma kun ga na ba ku abin kamawa: na faɗi wace ce ta taɓa ni, na faɗi dabarar da marubucin ya yi amfani da ita, don haka duk mai son musu sai ya koma cikin littafin ya nemo hujjarsa. Da na ce "ya yi daɗi" kawai, da ban bar muku ƙofar magana ba.

Haka yake ga jin haushi. Masu karatu da yawa ba sa jin daɗin yadda Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya ƙare, inda Rabi, wadda mijinta ya kora da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, ta sha wahala har ta tsaya da ƙafarta, sannan bayan dukiyarsa ta salwanta aka taru a kanta aka matsa mata ta koma gidansa. Mai gaggawa zai ce marubuciyar ta ɓata labarin. Mai natsuwa zai tambayi kansa da wa yake fushi: da wadda ta rubuta, ko da dangi da maƙwabtan da ya san haka suke yi a unguwarsu? Idan da su yake fushi, to littafin ya yi aikinsa, kuma haushin da ya ji yabo ne ga marubuciyar ba suka ba. Wannan bambancin, tsakanin abin da bai yi maka daɗi ba da abin da ba a yi shi da kyau ba, shi ne mafi yawan sharhinmu yake rasawa.

Kada kuma ku ɗauka cewa ce-ce-ku-ce a kan waɗannan abubuwa daga kanmu ya fara. A shekarun 1990, lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwa, an yi zazzafar muhawara a jaridu irin su Nasiha da New Nigerian. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya soki ingancinsu, ya kira su adabin kasuwar Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya kare su a kan cewa sun sa dubban matasa, musamman mata, karatu da rubutu cikin harshensu. An yi zafi, har an taɓa juna, amma kowane ɓangare ya karanta abin da yake magana a kai, shi ya sa har yau ɗalibai a jami'o'i suke komawa ga abin da suka rubuta. Ku kwatanta wannan da abin da ya faru a Kano a 2007, lokacin da aka tara littattafan hikaya aka ƙona a bainar jama'a a ƙarƙashin A Daidaita Sahu, shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jihar a wancan lokaci. Ba na shakkar cewa an yi nufin gyara, amma wuta ba ta bambance mai kyau da maras kyau, kuma ba ta koya wa kowace yarinya yadda za ta bambance da kanta ba. Bayan 'yan shekaru labaran suka koma cikin waya, inda Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba ta da hanyar ganin kowane shafi kafin ya isa hannun mai karatu.

A nan ne nauyin ya dawo wuyanmu, kuma ina roƙon 'yan'uwa mata su saurare ni da kyau, tunda su ne suka fi yawa a zaurukan karatu. Littafin da aka buga a takarda ya riga ya gama zama abin da zai zama kafin ya zo hannunki. Wanda ake turowa shafi-shafi kullum kuwa, ana rubuta shi ne ana kallon fuskarki. Marubuciya tana duba shafin da ya fi jawo magana, tana ganin inda aka yi shiru, kuma idan tana sayar da labarin, ta san abin da ke sa a biya kuɗin shiga zaure. Idan shafin da aka shiga ɗakin ma'aurata aka kwance komai ya samu tsokaci rututu, wanda aka yi zurfin tunani a cikinsa kuma bai samu komai ba sai "muna jiran ci gaba," me kike zaton za ta rubuta gobe? Idan kullum kuna matsa mata lamba sai jarumar ta auri attajirin, sai kishiyar ta haukace ko ta mutu, to kada ku dawo kuna cewa labaran yanzu duk iri ɗaya ne, domin da hannunku a ciki. Haka abin yake a YouTube, inda ake ƙirga yawan kallo ba tare da an tambayi niyyar mai kallon ba. Wanda ya ɗauki guntun fim ya yaɗa yana cewa "ku zo ku ga abin da suke yi" ya yi wa fim ɗin talla kyauta, kuma ya kai shi idon mutanen da da ba su san da shi ba.

Akwai kuma wata ɓarna da ba ta buƙatar dogon bayani. Mutumin da ya fito a matsayin azzalumin miji ko makirar uwar miji aiki aka ba shi, kuma idan ya sa ka tsane shi, ya iya aikinsa. Amma sai ka ga an bar labarin an koma kan auren jaruma da mutuwar aurenta, da iyayenta, da abin da aka ce an ji an ce ta yi. Wannan ba sharhin fim ba ne, gulma ce da ƙazafi, kuma Suratul Hujurat ba ta cire 'yan fim daga cikin waɗanda aka hana a ci namansu ba. Idan shigar da aka yi a fim ba ta dace ba, ka faɗa, ka nuna wurin, ka tuna cewa akwai darakta da furodusa da suka amince da ita, sannan ka tsaya a nan.

Tambayar da ta fi wuya, wadda ba a yi wa kowa ita sai kai, ita ce abin da labarin ya bar maka a zuciya bayan ka ajiye wayar. Akwai labarin da za ka gama ka ji ka ƙara fahimtar mahaifiyarka, ko ka ji tausayin almajirin da kake wucewa kullum. Akwai kuma wanda za ka gama ka ɗaga kai ka dubi ɗakinku ka ji ya yi maka ƙunci, ki dubi saurayin da ke neman ki da gaskiya ki ga bai kai ba, don ba shi da gida mai bene da jerin motoci. Yawancin attajiran cikin waɗannan labarai ba a taɓa nuna mana inda suka samo dukiyar; saurayi ne ɗan shekara talatin, yana da kamfanoni a Dubai, amma aikinsa daga safe zuwa dare bin yarinya ɗaya. Finafinan Indiya da ake fassarawa su ma suna da nasu, inda jarumi yake karya doka da ƙasusuwan mutane muna tafa masa. Ba na cewa a daina kallo, ni ma ina kallo. Ina cewa ne idan ka lura wani irin labari kullum raina kai da raina naka yake bar maka, to wannan ma yana cikin ra'ayinka a kansa, kuma ya fi cancanta ka faɗa wa abokanka fiye da "ya yi."

Saboda haka, idan ka gama littafi ko fim kana ɗokin magana, ka fara tabbatar da cewa ka kai ƙarshensa, in kuma ba ka kai ba ka faɗi inda ka tsaya. Ka bari ya kwana a ranka, domin abin da ya burge ka da dare sau da yawa da safe za ka ga kiɗa ne kawai ya ɗauke ka. Sannan ka rubuta ko da layi biyar ne, ka ambaci wuri guda da ya yi kyau da dalilinsa, da wuri guda da ya yi rauni da dalilinsa, ba tare da ka tona ƙarshen labarin ga wanda bai gani ba. Gajerun labaran gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, wuri ne mai kyau na gwaji, tunda a zama ɗaya za ka gama guda, ka kuma iya komawa kansa ka duba ko abin da ka faɗa yana nan. Kada kuma ka manta ka faɗi wanda ya dace ya karanta ko ya kalla, domin akwai labarin da ya dace da matar aure amma bai dace da 'yar aji uku na sakandare ba, kuma a yawancin gidajenmu yaya ko yayar da ke riƙe da waya ce take yanke wannan hukunci, ba iyaye ba.