Bindigar Kakana ta Yaƙin Bama

A gidanmu na Zariya babu yaron da bai san doguwar abar nan da ke naɗe cikin buhu, a soke a jikin azarar ɗakin kakana Malam Tsoho ba. Bindigar yaƙin Bama ce, wato ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu. Ba wanda ya taɓa ji daga bakinsa, amma haka muka tashi muka tarar ana faɗa. Zuwa Bama kuwa ya je da gaske. Yana cikin runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma da suka gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944. Ya dawo a 1946 da lambar yabo mai siffar tauraro, da ciwon gwiwa, da wata kalma ta Indiyanci da yake zagin awaki da ita har ya koma ga Allah.

Daminar bara rufin ɗakin ya rufta, buhun ya faɗo, ni kuma na ce gadona ne. Da na kwance, sai ga dunƙulen tsatsa mai tsawo, gara ta cinye rabin ƙotar. Daren nan ban yi barci ba, ina YouTube ina kallon Turawa suna farfaɗo da tsofaffin bindigogi. Kafin asuba na zama masani. Sojan Ingila na wancan zamani bindigar Lee-Enfield yake riƙewa, mai cin harsashi goma, dangin wadda tsofaffin 'yan sanda ke kira maka-fo. Tawa ba ta da gidan harsashi, ba ta da ƙarfen da ake ja a ɗana ta. Na ce tsatsa ce ta ci. Shekara tamanin ba wasa ba.

Maimakon in fara da ita, sai na fara da kayan adonta, na yanka ragon suna tun ba a haihu ba. Na je wurin baduku na nuna masa hoton maratayinta, wani zane mai kauri launin kaki, ba ado ko ɗigo. Ya ce ya gane sarai. Bayan mako biyu ya miƙo mini maratayin jar fata da kore, da tuntaye har huɗu suna lilo, irin na takobin hakimi. Na ce ba haka yake a hoto ba. Ya ce, "Alhaji, na ga na hoton ya yi talauci ne."

Banati kuma, wato wuƙar da ake maƙalawa a bakin bindiga, wani dillalin tsofaffin ƙarafa ya samo mini, ya rantse irin na 1907 ne, mai tsawon inci 17. Tsawon dai ya kai. Sai da na zo gida na goge gindinsa na ga an rubuta China. Yanzu da shi ake yanka kabewa. A cikin ƙotar Lee-Enfield akwai ɗan rami da soja ke ajiye 'yar kwalbar mai ta tagulla, ita ma na sayo wadda aka ce ita ce. Maiɗakina ta juya ta, ta buɗe, ta shinshina, ta ce, "Maigida, wannan ai ta kwalli ce." Hular ce kawai ban yi asara ba, mai faɗin baki, daga gwanjo, ko da yake yara sun ce na yi kama da mai tallan maganin basir.

Sannan aka shiga yaƙi da tsatsa. Kananzir ya yi kwana uku bai yi komai ba. Na juye Coca-Cola kwalba shida, tururuwan unguwa suka yi walima. Ƙarshe na kwashe tsamiyar da aka tanada don kunun azumi, na jiƙa a komin dabbobi, na nutsa bindigar ciki. Wannan ta yi aiki, sai dai har yau ba a gama shari'ar tsamiyar ba a cikin gida. Na shanya ta kusa da murhu don ta bushe da wuri. Kullum da dare in haska fitilar waya, in kafa ido a bakinta ina leƙen ciki. Gidan zanzaro biyu na zaƙulo.

Ran nan ina gogawa sai ga wata alama ta fito, layi uku sun haɗu kamar sawun kaza. Na yi kabbara. Gwamnatin Ingila tana buga wa kayan sojanta alamar kan kibiya, kuma ga ta a hannuna. Na naɗe bindigar a tabarma, na ɗauke ta kamar gawa, sai wurin wani tsohon maƙeri da ke gyara wa 'yan bindigar hawan salla makamansu, don ya sassaƙa mata sabuwar ƙota.

Tsohon ya ɗaga ta, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya dube ni, ya dubi hulata.

"Ɗana, wa ya ce maka ta Bama ce?"

Na nuna masa sawun kazar. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wannan alamar babana ce. Harbi-ka-ruga ce, ta baki ake ɗura mata albarushi. Bututun nan kuma sandar sitiyarin mota ce, da ita muke yi don ba ta saurin fashewa."

Ban gama haɗiye wannan ba ya zura wani siririn ƙarfe ta bakinta, ya ciro, ya gwada tsawonsa daga waje. Sai na ga dariyar ta ɗauke. Ya ce kowa ya matsa. Ashe a ɗure take tun zamanin Malam Tsoho. Ya yi ta sakace har ya fito da tsumma, da ƙwayoyin boris na keke, da baƙin gari da ruwan tsamiya ya mayar taɓo. Na tuna murhu. Na tuna idona na dama. Na nemi wuri na zauna a ƙasa, kan gawayi, da farar shadda. Ya ƙara da cewa ko irin wannan ma sai da lasisi ake ajiye ta, don haka na ce ya toshe ta kawai, toshewar har abada.

Da yamma na wuce ɗakin kakata, na zube mata ƙorafi. Ta saurara tana ɓare goro.

"Kai dai angon nan nawa ba ka da wayo. Bature ne zai bar maka bindigarsa ka taho da ita gida? Ko bargo sai da suka ƙirga. Wannan bayan ya dawo ya saye ta, saboda birai sun hana mu cin masara."

Na ce to me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa?

"Wa ya tambaye ni? Sau ɗaya ma ya harba ta, biran suka koma bishiyar gaba, shi kuma ya yi sati bai ji kiran salla ba." Ta miƙo hannu. "An ce ka sayo abin kwalli. Kawo nan, nawa ya fashe."