Ku bar wa Bosomtwe hazonsa

Jiya wani ƙanena a nan Asawase ya turo mini hoton tafkin Bosomtwe, ya ce, "Yaya, duba yadda na gyara shi." Na duba. Sama shuɗiya kamar an tsoma ta a marina, tsaunuka kore shar. To amma a watan Janairu ya ɗauki hoton nan, tsakiyar hunturu, lokacin da ƙurar hamada ke rufe Kumasi har rana ta koma kamar faifan azurfa. Hazon da ya goge da manhajar wayarsa, ni shi nake tashi da asuba in bi.

Na yaba masa ƙoƙarinsa, amma raina bai so ba.

Wanda ya taɓa bi ta Kuntanase ya gangara Abono kafin gari ya waye ya san abin da nake nufi. Tafkin yana kwance ne cikin ramin da wani dutse daga sararin samaniya ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da suka wuce, kilomita 30 kacal daga Kumasi, tsaunuka sun yi masa zobe. Da hunturu ba ka ganin ƙetare. Ruwa da sama su haɗe su zama launi ɗaya, fari-fari mai toka. Sai can ka hango masunci zaune a kan guntun katakon nan da suke kira padua, ƙafafunsa cikin ruwa, yana tuƙi da hannuwa. Na taɓa zama kusan awa biyu a bakin ruwan, leɓena ya tsage, yatsuna sun ƙage, ina jiran mutum ɗaya ya iso daidai inda haske ya tsaga hazo. Hoto uku na ɗauka ranar, ɗaya na ajiye.

Ni ma ina gyara hoto, ina rage duhu, ina daidaita haske. Abin da ba na yi shi ne in ba wa wuri launin da Allah bai ba shi ba a wannan safiyar. Basirar mai hoto tana wajen zaɓen inda zai tsaya da sanin lokacin da zai latsa.

Kuma abin ya wuce maganar kyau. Ku je Dunkwa ku kalli kogin Offin, galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya mai da ruwansa kamar koko. Na ga wanda ya ɗauke shi ya rina shi shuɗi don ya samu masu yabo a Instagram. Jikokinmu za su buɗe hoton su ɗauka haka kogin yake a zamaninmu, alhali mutanen bakinsa ko wanki ba sa iya yi da shi.

Na ce wa ƙanena Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, ya same ni bayan sallar asuba, ya zo da rigar sanyi.