Manhajar CCMAS da 'yancin malamin jami'a

Wani rahoto da na karanta ya taƙaita matsalar jami'o'inmu a kan albashi da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a 2022, amma a ganina an tsallake batun da ya fi nauyi. Tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da manhajar CCMAS, wato tsarin darussa na bai-ɗaya ga jami'o'in Najeriya, a Disambar 2022, kashi 70 cikin ɗari na abin da ake koyarwa daga Abuja yake zuwa, kashi 30 kaɗai aka bar wa majalisar malaman kowace jami'a. Ke nan malamin aikin gona a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) Bauchi ko Jami'ar Tarayya ta Kashere, wanda ya san ƙasarmu da damuwar manomanta fiye da duk wani jami'i, dole ya cusa iliminsa a ɗan gurbin da ya rage.

Ban ce gwamnati ta janye hannu gaba ɗaya ba, tunda ita ke biyan kuɗi. Sai dai rushe majalisun gudanarwar jami'o'in tarayya a Yunin 2023, alhali wa'adinsu bai cika ba, ya nuna wa kowane farfesa cewa dokar da ke kare shi tana iya karyewa da sanarwa guda.